Babi na Shida: Tikitin Maki, da Wanda Ke Biyan Kuɗinsa

A shekarar 1999 wani injiniya Ba'amurke mai suna David Phillips, mazaunin garin Davis a jihar Kalifoniya, ya ci karo da wata garaɓasa. Kamfanin abinci na Healthy Choice ya yi shelar cewa duk wanda ya aiko masa da tambarin kayansa guda 10 kafin ƙarshen watan Mayu, zai ba shi maki 1,000 na tafiya a jirgin sama. Mutumin ya zauna ya buga lissafi, ya kuma gano wani kanti da ke sayar da ɗan kofin kayan zaƙi na kamfanin a kan santi 25. Ya bi rassan kantin ɗaya bayan ɗaya har ya kwashe kofi 12,150. Da ɓare tambarin ya fi ƙarfinsa shi da iyalinsa, sai ya ba wata ƙungiyar agaji abincin, su kuma suka taya shi ɓarewa. Ya kashe kimanin dalar Amurka 3,100, ya tashi da maki fiye da miliyan 1.2, abin da a farashin wancan lokaci ya isa zuwa Turai da dawowa kusan sau 30.

Irin wannan labari yanzu yana isowa Birnin Ƙonni na Nijar ta wayar salula. Matasa a fadar shayi sukan kalli bidiyon wani yana miƙe ƙafa a ɓangaren manya na jirgin Qatar ko na Turkiyya, yana bugun ƙirji cewa da makin katin banki ya sayi kujerar, bai biya komai ba sai ɗan haraji. Tambayar da ke biyo baya a fili take: ɗan kasuwar Ƙonni da ke zuwa Dubai ko Guwanzu sarin kaya, ko manomin albasar Galmi da ke tarin kuɗin Umra, zai iya yin haka? Amsar ta rabu biyu. Rabin dabarar ba ya aiki a wannan yanki, kuma akwai dalili. Ɗaya rabin yana hannun matafiyanmu tun da daɗewa, sai dai da yawansu a filin jirgi suke barinsa.

Asalin makin

Har zuwa 1978 gwamnatin Amurka ce ke ƙayyade wa kamfanonin jiragen sama farashin tikiti da hanyoyin da za su bi. Da aka sakar musu mara a shekarar, gasa ta yi zafi, kowane kamfani ya shiga neman hanyar riƙe fasinjansa. A watan Mayun 1981 American Airlines ya fito da shirin AAdvantage: duk mil ɗaya da ka yi a jirginsu a rubuta maka maki ɗaya, in ya taru a ba ka tikiti. Ba a jima ba United da Delta suka bi sahu. Dabarar ba ta ci wa kamfani kuɗi sosai ba, domin kujerar da jirgi ya tashi da ita babu kowa a kai asara ce da ba a maido ta. Ba da ita ga fasinja mai yawan tafiya ya fi barinta haka nan.

Sai bankuna suka shigo. A 1987 Citibank ya fitar da katin bashi mai ba da makin American Airlines a kan kowace dalar da mutum ya kashe, ko a gidan mai ne ko a kantin magani. A 1991 American Express ya kawo nasa tsarin, wanda ake iya tura makinsa zuwa kamfanonin jirage daban-daban. Tun daga nan mutum zai iya tara makin tafiya bai taɓa taka matakalar jirgi ba.

Abu na uku shi ne ƙawancen kamfanoni. An kafa Star Alliance a 1997, oneworld a 1999, SkyTeam a 2000. Amfaninsu shi ne makin da ka tara a wani kamfani yana saya maka kujera a jirgin abokin ƙawancensa. Wannan ya shafe mu kai tsaye, domin manyan jiragen da ke sauka Yamai da Kano galibinsu suna ciki: Turkish Airlines da EgyptAir sun shiga Star Alliance a 2008, Ethiopian Airlines a 2011, Saudia ta shiga SkyTeam a 2012, Qatar Airways ta shiga oneworld a 2013, Royal Air Maroc kuma a 2020.

Banza ba ta kai zomo kasuwa

In Ba'amurke ya sayi kayan dala 100 da katin bashi, abin da ke isa hannun mai kanti bai cika wuce dala 97 zuwa 98 ba. Sauran kamasho ne, kuma kaso mafi tsoka na bankin da ya ba da katin ne. Daga wannan kamasho banki ke sayen maki a wurin kamfanin jirgi da farashin sari, ya rarraba wa masu katinsa. Mai kanti kuwa ba daga aljihunsa yake biya ba. Ya riga ya ɗora kamashon a kan farashin kaya, kuma kowa ke biyan wannan farashi, har da wanda ya zo da tsabar kuɗi. Wani bincike da masana na babban bankin Amurka reshen Boston suka fitar a 2010 ya nuna hakan ƙarara: masu saye da tsabar kuɗi, waɗanda galibi su ne marasa ƙarfi, su ke tallafa wa masu katin maki ba tare da sun sani ba.

Maki gyara ce irin wadda mai awo ke ƙara maka bayan ka sayi tiya goma ta gero. Kana murna da ita, shi kuwa ya riga ya lissafa ta a cikin kuɗin tiya. Shaidar haka tana Turai. A 2015 Tarayyar Turai ta ƙayyade kamashon katin bashi a kan kashi 0.3 cikin ɗari, nan da nan makin da katunan can ke bayarwa ya tsuke. Inda kamasho ya yi kauri, nan maki ke yin yawa.

Hanya ta biyu da banki ke maido da kuɗinsa ita ce kuɗin ruwa. Wanda bai biya bashin katinsa gaba ɗaya a ƙarshen wata ba, ana ɗora masa ruwan da a Amurka ya haura kashi 20 cikin ɗari a shekara a 2023 da 2024. Darajar maki ɗaya kuwa ba ta cika wuce santi ɗaya zuwa ɗaya da rabi ba. Ke nan wanda ya bar bashi ya kwana a kansa wata biyu ko uku ya riga ya mayar wa banki duk abin da ya samu har da ƙari. Akwai kuma kuɗin shekara na riƙe katin, wanda a manyan katuna yakan kai ɗaruruwan daloli.

Girman wannan kasuwa ya fito fili lokacin annobar korona. Da jirage suka daina tashi a 2020, United ta karɓi rancen dala biliyan 6.8, Delta ta karɓi biliyan 9, American kuma biliyan 10 a 2021. Abin da suka jinginar shi ne shirin makinsu. A 2023 kaɗai American Express ya biya Delta kusan dala biliyan 6.8 saboda katunan da suke fitarwa tare. Kamfanin da ke samun irin wannan kuɗi daga sayar da maki, ba kyauta yake yi wa kowa ba.

Me ya hana katin zuwa Ƙonni

A kasuwar Laraba ta Ƙonni, ko kasuwar Lahadi ta Illelar Nijeriya da ke tsallaken iyaka, ko karar dabbobi ta Badagishiri, ciniki na miliyoyi yana ƙarewa ba tare da na'urar kati ta shiga tsakani ba. Sefa da naira ne ke yawo hannu da hannu, 'yan canji na daidaita su, abin da zai yi nisa kuma a tura shi ta Nita ko Amana ko Al Izza. Motar albasa takan tashi daga Galmi ko Tsarnawa zuwa Akara ko Abijan bisa amana, kuɗi su biyo baya. Alƙaluman Bankin Duniya na 2017 sun nuna cewa manyan mutane masu asusun ajiya a Nijar ba su kai ɗaya cikin biyar ba. Inda babu kamashon kati, babu abin da banki zai sayi maki da shi.

Katunan da bankunan Nijar ke bayarwa, na GIM-UEMOA, tsarin da ƙasashen sefa na Yammacin Afirka suka kafa a 2003, ko masu tambarin Visa da Mastercard, galibinsu na cirar abin da ka ajiye ne, ko waɗanda ake loda musu kuɗi kafin a kashe. Suna da amfani wajen biyan tikiti ko otal ta intanet, amma kuɗinka kake kashewa, ba rancen banki ba. A ɓangaren Nijeriya ma, a 2022 bankuna da yawa sun rage abin da katin naira zai iya kashewa a waje zuwa dala 20 a wata, daga baya suka rufe gaba ɗaya, ba su sake buɗewa ba sai a 2025.

Akwai kuma batun addini, wanda a ƙasar Adar da Ƙonni ba a wasa da shi. Majalisar Fiƙihun Musulunci ta Duniya, a zamanta na 12 a Riyad cikin shekarar 2000, ta yanke cewa bai halatta a fitar da katin bashi mai sharaɗin kuɗin ruwa ba, ko a yi mu'amala da shi, ko da mai katin ya ƙudurta biya kafin ruwan ya hau kansa. Ta halatta wanda babu wannan sharaɗi a cikinsa. Wasu malamai a ƙasashen da rayuwa ke wuya ba tare da kati ba sun yi sassauci ga mai biya a kan lokaci, amma wanda ke nufin ɗakin Allah da tikitin ya kamata ya tambayi malaminsa kafin ya sa hannu a takarda.

Ta hanya ɗaya makin katin bashi ke isowa nan, wato ta hannun 'yan uwa mazauna waje. Ɗan Nijar da ke Girinsboro ko Niyok, in yana da makin United ko na Air Canada, zai iya yanka wa mahaifiyarsa tikitin Umra daga Yamai zuwa Jidda a jirgin Habasha ko na Turkiyya, domin duk ƙawance ɗaya suke, kuma yawancin kamfanoni sun yarda mai maki ya yanka wa wani tikiti da sunansa. Abin da ba su yarda da shi ba shi ne sayar da maki a bayan fage. Wanda ya sayi tikiti mai arha a hannun dillalin maki yana iya isa filin jirgi ya tarar an soke shi, ba shi da wurin kai ƙara.

Rabin da ke hannunmu

Makin tafiya kansa ba ya bukatar katin banki. Rajistar ShebaMiles ta jirgin Habasha, ko Miles&Smiles ta Turkiyya, ko Safar Flyer ta Maroko, kyauta ce, ana yin ta a waya cikin 'yan mintoci. Abin da ake bukata shi ne lambar rajistar ta shiga cikin tikiti duk lokacin da aka yanka.

A nan ne ake asara. Yawancin 'yan kasuwarmu ejan ke yanka musu tikiti. Alhaji ya kira waya, ya tura kuɗi, a turo masa takarda ta WhatsApp. In bai ba da lambarsa ba, ejan ba zai tambaya ba. Sai kuma matsalar suna. Mutum ɗaya yana iya zama Mahamadou a fasfo, Mamadou a rajista, Muhammad a tikitin da aka yanka masa a Kano. Aboubacar na Ƙonni ya koma Abubakar da ya tsallaka Illela. Kwamfuta ba ta san dangantaka ba, harafi ɗaya in ya saɓa sai ta ƙi zuba makin. Maganin shi ne a rubuta suna a rajista daidai da yadda yake a fasfo, a kuma adana katin shiga jirgi, domin kamfanoni sukan ba da wasu watanni a nemi makin tafiyar da ta wuce.

Ga yadda lissafin yake. Daga Yamai zuwa Adis Ababa kimanin mil 2,500 ne, daga can zuwa Guwanzu kimanin 5,000. Zuwa da dawowa ya kama mil 15,000. Sai dai ba kowane tikiti ke ba da cikakken maki ba: mai tsada yakan ba da duka, mai rahusa ya ba da rabi ko rubu'i, wani ma ba ya ba da komai. Ɗan kasuwar da ke zuwa sau biyu a shekara da tikitin rabin maki zai tara 15,000 a shekara, 45,000 a shekara uku. Ba dukiya ba ce, amma kuɗin wata tafiyar ce da yake zubarwa.

Kafin a kashe maki, a gwada shi da kuɗi. A ɗauka tikiti yana sefa 600,000, kamfani kuma ya ce zai ba da shi a kan maki 50,000 da harajin sefa 150,000, domin haraji da kuɗin mai ba a biyansu da maki. Abin da aka tsira da shi sefa 450,000 ne, ke nan kowane maki ya ci sefa 9. Wannan ciniki ne mai kyau. In kuwa harajin ya kai 350,000, makin ya faɗo sefa 5, gara a biya kuɗi a ajiye shi ga wata tafiyar. Haka nan wanda ya ƙara sefa 80,000 a kan tikiti don kawai ya bi kamfanin da yake tara maki a ciki, alhali makin da zai samu bai wuce darajar 60,000 ba, ya yi faɗuwar jika ashirin yana ganin riba ya ci.

Ga mai sarin kaya akwai abin da ya fi tikitin kyauta, wato kilo. Kamfanoni suna ɗaga darajar fasinja gwargwadon tafiyar da ya yi a shekara. A Miles&Smiles, mil 40,000 na tafiya cikin wata 12 yana kai mutum matsayin da Star Alliance ke kira na zinariya, wanda ke ba shi ƙarin jaka ɗaya ko kilo 20 a jiragen ƙawancen, da shiga layin gaba wurin awon kaya. Duk wanda ya taɓa tsayawa a filin jirgin Istambul yana zazzage jaka saboda kilo biyar ya san darajar wannan. Shi ya sa mai yawan tafiya ya fi cin riba in ya tsaya a ƙawance ɗaya maimakon ya warwatsa tafiyarsa a kamfanoni huɗu.

Kujerun maki kuma ƙidayayyu ne a kowane jirgi. A goman ƙarshe na azumi, ko lokacin baje kolin Kanton da ake yi a Guwanzu tun 1957, a watannin Afrilu da Oktoba, samunsu sai an yi da gaske. Mai son tafiya da maki sai ya nema da wuri, ya kuma yarda ya matsa ranar tafiyarsa gaba ko baya.

Yamai ko Kano

Mutumin Ƙonni yana da zaɓin da na Yamai ba shi da shi. Yamai na nesa da shi da kimanin kilomita 420, Sakkwato ba ta kai 100 ba, Kano kuma ta hanyar Maraɗi da Katsina tafiyar yini ce. Sefa tana ɗaure da yuro a kan 655.957, naira kuwa tana hawa da sauka, saboda haka akwai lokacin da tikitin Kano ya fi arha nesa ba kusa ba, akwai lokacin da abin ke juyewa. A 2022 da 2023, da kuɗin kamfanonin jiragen waje suka maƙale a Nijeriya har suka haura dala miliyan 800, kamfanoni sun janye tikitinsu masu rahusa daga kasuwar, Emirates ma ta daina zuwa Nijeriya tun ƙarshen 2022 har Oktoban 2024. Iyakar kanta ba ta da tabbas: an rufe ta daga Agustan 2019 zuwa Disamban 2020, aka sake rufewa bayan juyin mulkin 26 ga Yulin 2023 har Maris na 2024. Bambancin farashi tsakanin filayen jirgin nan biyu sau da yawa ya fi duk makin da mutum zai tara a tafiyar, don haka shi ya kamata a fara dubawa.

Kujerar Makka

Aikin Hajji ba ya cikin wannan lissafi. Ana raba kujeru ne ƙasa-ƙasa bisa ƙa'idar da ƙasashen Musulmi suka amince da ita a ƙarshen shekarun 1980, mutum 1,000 ga kowane Musulmi miliyan ɗaya. A Nijar hukumar COHO ce ke tsara aikin tare da kamfanonin jigilar alhazai, kuɗin kujera kuma, wanda a shekarun nan ya haura sefa miliyan 3, dunƙule yake: jirgi, masauki, biza da hidimar Mina da Arfa. Babu ƙofar da maki zai shiga. Umra ce ke da sarari, tunda mutum na iya yankar tikitinsa da kansa.

Abin da ya kai talaka Makka tun asali shi ne tari. Kakanninmu sun bi ta Fort Lamy da Darfur a ƙafa, suna tsayawa noman auduga a Jazira ta Sudan su tara guzuri kafin su isa Sawakin, tafiyar da kan ci shekaru. Na yau yana kiwon sa, ko ya ajiye albasa a rudu har farashi ya tashi, ko ya shiga adashi. Malesiya ta mai da wannan ɗabi'a hukuma a 1963 da asusun da ya zama Tabung Haji, Nijeriya ta ƙaddamar da nata adashin gata na alhazai a Kano a 2020 tare da bankin Jaiz. Wannan tarin na mai shi ne, babu kamfanin da zai wayi gari ya rage masa daraja.

Maki ba haka yake ba. Kamfani ne ke buga shi, shi ke yanke farashinsa, shi ke sa masa wa'adi, galibi shekara 2 zuwa 3. Delta ta daina wallafa jadawalin farashin makinta tun 2015. Kamfanin Turkiyya ya tsadanta nasa sosai a farkon 2024. Air Afrique ta durƙushe a 2002, Air France ta daina sauka Yamai a Agustan 2023, masu makinta a nan suka rasa jirgin da suka fi sabawa da shi. Saboda haka tsarin abin a bayyane yake: a fara neman tikiti mafi arha da tsabar kuɗi, a duba kilon da ya zo da shi, sannan a tabbata lambar rajista ta shiga. Da zarar makin ya isa yankar tikitin da ake bukata, a yanka, domin farashin baɗi ba a hannun fasinja yake ba.